Faswod Mai Ƙugiya

Zuwa ga 'yata Godiya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Mama da ƙannenki duka a Abbare. Allah ya sa ki shiga jami'a a sa'a ki fita a sa'a, ya tsare min ke daga ciwo da haɗarin hanya da ƙawayen banza. Amin.

Na san za ki yi dariya ki ce daga unguwarmu Turaki zuwa Abbare Keke-Napep ɗaya ne, ga kuma waya, me ya kai Momi rubuta wasiƙa kamar tsohuwa. Kin dai san ni, bakina ba ya aiki sai biro. Shekara biyu kawai na ba ki, amma tun ranar da kika shigo makarantar kwana da bokitinki kina kuka, ni ina ajin ƙarshe, na ce ke 'yata ce, ba ki sake kiran sunana ba sai Momi. Har Mamanki ta ɗauka. To uwa idan 'yarta za ta bar gida tana yi mata magana, shi ne nake yi.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Kwas ɗin kwamfuta na 'yan aji ɗaya, wanda ake yi a lab, na faɗi shi bara. Bana zan sake. Ma'ana ni da ke aji ɗaya za mu zauna, malami ɗaya, wataƙila ma benci ɗaya.

Ranar da kika kira ni kina murna kika ce, "Momi, akwai kwamfuta a cikin kwasa-kwasanmu, ni ko maus ban iya riƙewa ba, amma ai ke kin wuce wurin, ke za ki koya min," na ce miki Allah ya kai mu. Ba ƙarya na yi ba, amma ban faɗi gaskiya ba. Tun ranar nake tunanin yadda za ki shigo lab ki gan ni zaune cikin sababbi, ki tsaya a bakin ƙofa kina kallona. Gara ki ji daga wurina. Kuma gara ki ji yadda aka yi, don ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne ya kayar da ni. Shiga cikin kwamfutar ce ta gagare ni, kuma duk kuskuren da na yi ke ma za ki iya yin sa.

Abin ya fara ne tun kafin in taka makarantar. Da aka ba ni gurbi, na je wani kafe kusa da Kasuwar Jalingo don a yi min rajista a fotal, wato shafin jami'a da ɗalibi yake shiga ya yi komai nasa. Wurin cike yake da mutane, kowa yana miƙa takardunsa ta saman kan wani. Da layi ya zo kaina mai kafen bai ko ɗago ba ya ce, "Imel?"

Na ce ina da shi amma ban riƙe shi da ka ba, bari in duba.

Ya ce, "Hajiya, mutane na jira. Zan sa nawa, duk ɗaya ne. Lambar waya ma in sa tawa?"

Na ɗaga kai kawai, don na ji na bayana suna tsaki. Ban san cewa duk ranar da mutum ya manta faswod ɗinsa, wannan imel ɗin da wannan lambar za a aika wa saƙon gyara ba. Ba mugunta ya yi min ba, sauri yake yi, ni kuma na kasa cewa ya dakata.

Don haka Godiya, idan har yanzu ba ki gama rajista ba, ki rubuta imel ɗinki da lambarki a takarda tun daga gida, ki miƙa masa, ki tsaya a kansa har ki gani da idonki cewa su ya saka. Idan an riga an yi, ki buɗe ki duba. Masu tsaki a bayanki su yi ta yi, ba za ki sake ganinsu ba.

Kuskure na biyu shi ne wanda nake jin kunyarsa. Mai kafen ya ba ni faswod na wucin gadi, ya ce in canza idan na je gida. Kin tuna shekarar da na zauna ina jiran gurbi, ba abin da nake yi sai taya Umma aiki da karanta littattafan soyayya a waya. A lokacin na saka kibod ɗin Hausa, don na fara rubuta nawa labarin, kuma haushi nake ji in ga an rubuta ƙauna ba ƙugiya a kan k. Ina ganin kamar an fitar da kalmar ba ɗankwali. Ban canza faswod ɗin nan da wuri ba sai da aka fara lakca, kuma kafin nan na riga na ga wani a ajinmu. Sunansa Ɗahiru. Ba abin da ya haɗa mu, biro ya ara min sau ɗaya a layin tantancewa, ya ce in riƙe yana da wani. Daga wannan biron na gina gida har da labule.

Ina zaune a tsakar gida da yamma, wayar ta ce in zaɓi abin da ba zan manta ba, wanda kuma wani ba zai iya hasashe ba. Sai na rubuta ƘalbinaƊahiru, wato zuciyata Ɗahiru, na ƙara lambobi a ƙarshe. Da ƙugiya a kan K, da ƙugiya a kan D, yadda ya kamata a rubuta. Wayar ta karɓa. Har daɗi na ji, kamar na ajiye wani abu a wurin da ba mai gani.

Ki yi dariyarki ki gama, ina jira.

Ranar farko a lab aka raba mu rukuni-rukuni. Dogon ɗaki ne, kwamfutoci a jere, fanka na juyawa a sama. Malamin ya ce kowa ya sa lambar matirik ɗinsa a akwatin sama, faswod ɗin fotal a na ƙasa, da shi ake shiga nan ma. Na sa lambata. Na sunkuya ina neman Ƙ a kan kibod. Babu. Na bi layi-layi da yatsa, babu ita, babu Ɗ. Na ce to bari in danne K in riƙe kamar yadda ake yi a waya, ko za ta fito da 'yar'uwarta. Sai ɗige-ɗige suka cika akwatin har suka wuce. Na goge. Na ce ai ba komai, in sa K da D na kowa, tunda duk wanda ya ga kauna ya san ƙauna ake nufi. Mutum ne ya sani. A wurin kwamfuta K daban, Ƙ daban, ba su ma san juna ba. Ta ce ba daidai ba. Na sake da ƙananan haruffa, na sake da manya, na sake ina bismillah. Ina cikin haka ta rubuto cewa an kulle asusuna, in je ofishin ICT, masu kula da kwamfutocin jami'a.

Shawarata a nan gajeriya ce. Ki zaɓi faswod da haruffan da ke kan kowane kibod, ki haɗa da lambobi. Kar ki sa ƙugiya, kar ki sa 'yar alamar nan ta sama da ke cikin sunana, Sa'adatu. Ki gwada shi a kan kwamfuta ta gaske kafin ranar lab, ba a waya kaɗai ba. Idan ta ƙi ki sau biyu, ki ɗauke hannunki ki tambaya, don ba a cin ta da naci. Sannan kar ki sa sunan mutum. Ba wai don haramun ba ne. Don wata rana za ki so ki nemi taimako, sunan ya tsaya miki a maƙogwaro.

Haka ya yi min, kuma a ranar. Kin san wa ke zaune a kwamfutar da ke kusa da tawa? Shi. Ya gama shiga tasa, ya leƙo ya ce, "Malama, ta ƙi ne? Faɗa min faswod ɗin in buga miki, wataƙila hannunki ne yake kuskure."

Godiya, na ji kamar an zuba min ruwan zafi daga ka. Na ce, "A'a, ba komai, ta yi."

Ya kalli allon, jan rubutu na nan ɓaro-ɓaro. Ya ce, "Ai kuwa ba ta yi ba."

Na ce, "Za ta yi."

Ya ɗaga kafaɗa ya koma aikinsa. Ni kuma na zauna hannuna a kan maus ina juya shi a hankali har aka tashi, don duk wanda ya hango ni daga nesa ya ɗauka aiki nake yi. Malamin ya tambaya da ƙarfi ko akwai wanda bai samu shiga ba. Hannuwa sun tashi, na gan su, ba ɗaya ba ba biyu ba. Ya rubuta sunayensu ya ce su bi shi bayan aji. Nawa hannun yana kan cinyata.

Wannan shi ne babban kuskuren, sauran duk 'ya'yansa ne. Ranar farko rashin iya shiga ba abin kunya ba ne, rabin aji haka suke. Ranar ce mafi arha. Duk satin da ya wuce sai tambayar ta ƙara nauyi, don yanzu ba "na kasa shiga" kaɗai za ki ce ba, sai kin bayyana inda kike tun farko. Ki ɗaga hannu ranar farko ko da muryarki na rawa. Idan kin kasa magana, ki bar hannun a sama, malamin zai zo da kansa.

Da na koma gida na ɗauki waya, ita ma ta ƙi, tunda asusun ne aka kulle gaba ɗaya. Na danna wurin da aka rubuta don wanda ya manta faswod. Ta ce ta aika saƙo zuwa wata lamba da ban sani ba. A nan na tuna mai kafe. Na je washegari, ya ce layin nan ya ɓata tun tuni, imel ɗin kuma na aiki ne, ɗalibai da yawa ke kai, shi ma bai san ta inda zai fara ba. Ya ce in je ICT, minti kaɗan ne.

Na je ICT, ba sau ɗaya ba. Ina nufin na je bakin ƙofar. A raina na riga na tsara yadda za a yi: ofis cike da maza, wani ya ce in faɗi tsohon faswod ɗin da ƙarfi don a tabbatar ni ce, in faɗa, ya ce bai ji ba, in maimaita, ya ce in bi harafi-harafi, sannan wani ɗan ajinmu da ke kan layi ya kwashe ya kai. Na ga wannan a idona sarai kamar na karanta shi a littafi. Sai in tsaya ina duba allon sanarwa da ke jikin bango, in karanta sanarwar da ba ta shafe ni ba, in juya. Wata rana har na shiga, da aka ce me nake so sai na tambayi hanyar laburare.

Fa'iza ce ta lura ba na aiki. Ita ce ƙawata a ajin, Bafulatana ce, bakinta ba ya hutawa, za ki so ta. Ban gaya mata dalili ba, na ce dai asusuna ya samu matsala. Ta ce, "To shiga da nawa mana. Kwamfuta ta san fuskar wani ne? Ni dama yatsuna ba sa jin magana, ke ki buga, ni in riƙa ba ki labari."

Haka muka yi ta yi. Ni ke buga takardun da aka ba mu, ni ke jera lissafi a cikin teburin nan mai layi-layi, ni ke aikawa. Na iya, Godiya, har na fi wasu da yawa. Duk aikin da ya fita Fa'iza ta yi min godiya da Fulatanci ta ce, "Useko, matar kwamfuta." Na ɗauka tunda malamin yana ganina a lab kullum, shi ke nan. Ashe ba fuska yake dubawa ba. Na'urar ce take rubuta wanda ya shiga da wanda ya aika aiki, daga nan yake ɗaukar maki. Duk abin da na yi da sunan Fa'iza ya tafi. Ita ma ba ta sani ba, da ta sani da ta ja ni da hijabi har ofishin.

Kar ki yi aiki a cikin asusun kowa, kar ki bar kowa ya yi a naki, ko ni ce. Idan kin gama ki fita daga asusun kafin ki tashi, kar ki kashe allo kawai ki tafi, don na bayanki zai zauna da sunanki. Ki riƙa adana aikinki kina cikin yi, saboda wuta tana ɗaukewa ba sallama, kafin a tayar da janareta abin da ba ki adana ba ya tafi. Ki je da wuri, kwamfutocin da ke kusa da taga sun fi lafiya, na can ƙarshe wasu maus ɗinsu sai an buga.

Ranar gwajin ƙarshe aka ce kowa da kwamfutarsa, kowa da asusunsa. Ba Fa'iza. Na zauna ina kallon akwatunan nan biyu har mai sa ido ya zo ya tsaya a kaina. Da ya ga abin da ke kan allo ya ce in ruga ICT yanzu, lokaci ba zai jira ni ba. A ranar ban samu damar tsayawa karanta sanarwa ba.

Mace ɗaya na tarar a ciki, babba, da gilashi a kan hanci, tana ɓare gyaɗa a cikin leda. Irin Hausar nan tamu ta gari take yi, wadda mace da namiji duk kai ne. Ta ce, "Kai, menene? Ba ka da baki?"

Na ce asusuna ne aka kulle.

"Kawo kati."

Na ba ta katin shaida. Ta kalli hoton, ta kalle ni, ta buga lambata. Ta ce, "Wannan ya daɗe a kulle. Ina ka shiga tun lokacin?" Ba ta jira amsata ba. Ta juyo min da kibod ta ce in sa sabo, in kuma ba ta lambar wayata ta gaskiya.

Na ce, "Madam, ba sai na faɗi tsohon ba?"

Ta ce, "In yi me da shi? Ko ni ba na ganinsa a nan. Ko sunan saurayinka ka sa, ruwanka. Yi sauri, gyaɗa na yana jira."

Shi ke nan. Ban kai tsawon shan kofin ruwa a ofishin ba. Abin da na yi semista guda ina gudu ba ya ma nan, ba wanda ya taɓa niyyar tambayata. Na koma na yi abin da ya samu a sauran lokacin, amma makin aikin lab duka babu, gwajin kuma rabi. Daga baya na daure na je wurin malamin. Bai yi faɗa ba. Ya juyo min da allonsa ya nuna layin sunana, fari fat daga farko har ƙarshe. Ya ce da na zo a makon farko ko na uku da ya san yadda zai yi, yanzu kam ba shi da abin da zai riƙe ya ba ni maki.

Ki sani ba wani ma'aikaci da zai tambaye ki faswod ɗinki. Wanda ya tambaya ma kar ki ba shi. Kati kawai suke so da lambar matirik. Kuma idan wani wuri yana ba ki tsoro, ki tambayi wanda ya taɓa shiga yadda ake yi a ciki, kar ki zauna ki tsara shi a ranki. Ni gwanar tsarawa ce, kin ga inda ta kai ni.

Ban daina karanta littattafaina ba, ba kuma zan ce ki daina ba, ni na koya miki. Sai dai na lura da wani abu. A cikinsu yarinya takan yi shiru da damuwarta, ta sunkuyar da kai, sai wani ya lura, ya bi ta, ya matsa har ta faɗa. Ina jin abin da na zauna jira ke nan a lab. To a jami'a mutane sun yi yawa, kowa allonsa yake kallo. Mai kirki zai tambaye ki sau ɗaya, idan kin ce ba komai ya yarda da ke.

Na san za ki tambaya, don haka bari in faɗa. Ɗahiru yana nan lafiya, ya ci kwas ɗin. Muna gaisawa. Har yau Sa'adiya yake kirana, ban gyara masa ba. Na taɓa ganin ya rubuta sunansa a takardar halarta, shi kansa ba ya sa wa D ɗinsa ƙugiya.

Fa'iza ta san na faɗi amma ba ta san dalili ba. Baba da Umma sun ga na wuce aji biyu, ba su tambayi sauran ba, ni ma ban ce ba. Zan gaya musu, amma ke ce farko, don ke ce aka damƙa min. Ranar da na zo yi miki murna Mamanki ta riƙe hannuna ta ce, "Momin Godiya, ga 'yarki nan, ke kin san wurin." Na san wurin kam. Na san ƙofar da ake tsayawa da wadda ake shiga. Zan raka ki ICT tun satin farko mu duba lambar da ke kan asusunki, zan nuna miki yadda ake riƙe maus, kuma wannan karon kowa da sunanta za ta yi aiki.

Allah ya raka ki, ya ba ki abokan ɗaki nagari a hostal, ya buɗe miki karatu, ya ba ki bakin tambaya. Ya tsare fitarki da shigarki, ya mayar da ke gaban Mama lafiya kowane hutu. Ki gaishe ta sosai, ki gaida ƙannenki, ki ce wa autarku ban manta da alkawarin alawa ba.

Taki,
Sa'adatu

Na gama tun da hantsi na ninke, na ce zan ajiye sai kin shiga makaranta, idan kika gan ni a lab sai in ba ki. Da na sake karantawa na ga wannan ma tsayawa ce a bakin ƙofa. Yau Lahadi, na san yanzu kun dawo daga coci. Zan zo Abbare in ba ki hannu da hannu, in zauna a gabanki har ki gama karantawa. Idan kin ɗago kika ga har yanzu ni Momi ce, ki kira ni haka. Idan kuma abin ya yi miki nauyi a gaban 'yan aji, Sa'adatu ma ya isa, zan amsa. Bari in sa hijabi in fita tun ban canza ra'ayi ba.